An Rage Tumbi a Alƙahira, Tuwo Na Jira a Kalgo

A jihar da ake auna damtsen yara da tef don a gane wanda yunwa ta kama, zancen tiyatar rage ƙiba yana iya zama kamar ba'a. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 66 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya, kuma ƙungiyar likitocin MSF tana jinyar yara masu tamowa a Maiyama, nan kusa da Jega. Amma wannan binciken dai shi ne ya ce kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Wanda ya tsaya bakin titin Kalgo da safe, lokacin da ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na babban asibitin jiha ke wucewa wurin aiki, zai ga inda sabuwar rayuwar ta dosa: daga mota sai kujerar ofis, abincin rana farar shinkafa da lemon kwalba, ga ciwon suga da hawan jini suna biye a hankali. Sau da yawa gida ɗaya ne ke ɗauke da ramammen jika da kakar da gwiwa ta hana ta sallah a tsaye.

Masu hali a Arewa sun daɗe da sanin hanyar Alƙahira da Indiya da Dubai wajen neman magani, yanzu kuma tallace-tallacen asibitocin Turkiyya sun cika Instagram da TikTok, da hoton mutum kafin aiki da hotonsa bayan wata shida. A Legas da Abuja ma akwai asibitocin kuɗi da ke yin wannan tiyata. Abin da tallan ba ya nunawa shi ne abin da ke faruwa bayan jirgi ya sauka. Aikin da kansa awa ɗaya zuwa uku ne, kwanciyar asibiti kwana biyu ko uku. Sauran shekarun kuwa a gida za a yi su, a hannun mai dafa abinci da mai kemis da likitan da ke aikin dare, kuma da waɗannan mutum uku ya kamata a auna ko tiyatar ta dace da ɗan Kalgo ko Gwandu.

Mutane kan haɗa abubuwa daban-daban a baki ɗaya. Zuƙe kitse da bututu, da yanke fatar teɓa a ɗinke, aikin gyaran sura ne, ba ya taɓa tumbi, ba ya warkar da suga. Irin wannan aikin ne ya yi ajalin Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a kusa da Marbella ta ƙasar Sifen ranar 23 ga Oktoba 2005, bayan bututun ya huda mata hanji. A 2009 wata kotu a Malaga ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya saboda sakaci. Tiyatar rage ƙiba ta ainihi ita ce wadda ake sauya hanyar abinci da kanta. Wani likita a Jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, ya lura cewa waɗanda aka yanke wa ɓangaren tumbi saboda gyambon ciki ramewa suke yi su kasa mayar da jiki, sai ya mayar da wannan illa ta zama magani a 1966.

Iri biyu ne suka fi yawa a yau, kuma duka ta 'yan ƙananan huji ake yin su da kyamara. A na farko, wanda ake kira silif, ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka mutum kan wayi gari abinci bai dame shi ba. A na biyu, baifas, ana keɓe 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi, wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce cokalin cin abinci biyu ko uku, a jona ta kai tsaye da tsakiyar ƙaramin hanji. Abinci ya daina bi ta sauran tumbin da farkon hanji ke nan. Silif ba ya komawa yadda yake, abin da aka yanke ya tafi.

Ba kowane mai jiki ake yi wa ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne a raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Macen da tsawonta mita 1.6 ne, nauyinta kilo 90, ma'auninta ya kai 35. Ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1991 ta ce sai mai 40, ko mai 35 da ke fama da wata cuta kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta: daga 35 zuwa sama ko da babu wata cuta, daga 30 kuma in akwai suga da ya ƙi jin magani.

Adalci ne a faɗi cewa aikin yana yi. Yawancin mutane kan zubar da rubu'i zuwa sulusin nauyinsu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, abin da motsa jiki da ƙaurace wa abinci ba kasafai suke iya riƙewa ba. A Suwidin an fara bin mutane sama da 4,000 tun 1987, rabi an yi musu tiyata, rabi suna kan kulawar da aka saba. Rahoton 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara 3, ko da yake har yanzu suna ƙasa da sauran jama'a da shekara 5 da rabi. A asibitin Cleveland na Amurka kuma an gwada masu ciwon suga 150. Bayan shekara biyar, kashi 29 na masu baifas da kashi 23 na masu silif sugansu ya sauko inda ake so, a cikin masu shan magani kawai kuwa kashi 5 ne. Sai dai a lura da inda aka samo waɗannan alƙaluma. Ƙasashe ne da majinyaci ke da ranar komawa asibiti a rubuce, da masanin abinci da ke kiransa a waya, da gwajin jini da inshora ke biya.

Hatsarin makonnin farko sananne ne. Mutuwa cikin wata na farko ba ta da yawa a ƙwararrun cibiyoyi, mutum ɗaya zuwa uku ne cikin dubu. Abin tsoro shi ne ɗinki ya yi yoyo, ruwan ciki ya zuba inda bai kamata ba, abin da kan sami mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, wani lokaci sai bayan an sallami mutum. Alamarsa ta farko sau da yawa bugun zuciya ne da ya wuce 120 a minti, sannan zazzaɓi, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama. Sai gudan jini da kan taru a ƙafa ya tafi huhu, wanda doguwar tafiyar jirgi ke ƙara wa ƙarfi. Mutumin da aka yi wa aiki ranar Litinin, ya hau jirgi ranar Asabar don tsoron kuɗin otal, ya sauka Abuja ko Kano, sannan ya kwashe wuni guda a mota zuwa Birnin Kebbi, ya tara wa kansa duk abin da likita ke gudu. Gwamnatin Birtaniya ta sha gargaɗin 'yan ƙasarta kan wannan, bayan mutuwar wasu da suka je Turkiyya neman tiyata mai araha.

To, a ce an iso gida lafiya. Nan ne ake haɗuwa da tuwo.

Tsarin da likitoci ke bayarwa shi ne kusan mako biyu na ruwa-ruwa zalla, sai mako biyu na abin da aka markaɗa, sai mai laushi, kafin a koma abinci sosai wajen mako na shida zuwa na takwas. An rubuta wannan tsari ne da abincin wasu ƙasashe a rai, kuma takardar da majinyaci ke dawowa da ita ba ta san dawo ba, ba ta san miyar kuka ba. Bahaushe ba ya tauna tuwo. Yankar loma yake yi, ya dangwali miya, ya haɗiye, ya kora da ruwa. Irin wannan ci haramun ne ga sabon tumbi: loma za ta tsaya a ƙirji kamar an cusa dutse, ruwan da aka kora da shi ko ya dawo da ita waje ko ya tura ta hanji da wuri. Doka ita ce a tauna komai har ya zama kunu a baki, a ɗauki minti ashirin zuwa talatin kan ɗan abin da bai cika ƙaramin kofi ba, a daina shan ruwa rabin awa kafin ci da rabin awa bayansa. Shinkafa, wadda Kebbi ke taƙama da ita tun kafin Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, tana cikin abubuwan da suka fi ba masu wannan tiyata wahala a watannin farko, domin kumbura take yi a ciki. Haka burodi, haka tsire da kilishi.

Sai fura. A ƙa'ida nono abokin mai tiyata ne, musamman kindirmo da aka tafasa madararsa. Matsalar sukarin da ake zubawa ne. Bayan baifas, abu mai zaƙi kan faɗa hanji a dunƙule, ya jawo ruwa daga jini, cikin minti goma zuwa talatin mutum ya ji zufa ta keto masa, zuciya na dukan uku-uku, ciki na murɗawa, jiri, gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, lokacin da jiki ya yi wa sukarin martani fiye da kima, sugan jini ya faɗi, hannu ya kama rawa, har a suma. Kunun zaƙi, zoɓo mai sukari, shayin mai shayi da madarar gwangwani, lemon kwalba, duk hanya ɗaya suke bi. Lemon ma da ƙarin laifi, iskar da ke cikinsa.

Abin da ake nema kullum shi ne aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki da lita ɗaya da rabi na ruwa, a kurɓa kaɗan-kaɗan. Ta wannan fannin ƙasar Kabi ba ta da talauci. Ƙwai ɗaya na ba da kimanin giram 6, kofin kindirmo kusan 8, giram ɗari na dafaffen kifi kusan 20, kuma kifi ba baƙo ba ne a jihar da ke da Argungu da Yawuri. Ga awara, ga alale, ga farfesun kaza da ya dahu luguf. Garin nan na hatsi da waken suya da gyaɗa da ake dama wa yara masu tamowa ma yana da amfani in ba a sa masa sukari ba. Sharaɗin shi ne a fara cin kifin ko ƙwan, in wuri ya rage a taɓa tuwo, wato a kifar da tsarin kwanon gida gaba ɗaya. Wanda bai samu isasshen wannan sinadari ba tsokarsa ce za ta zube tare da kitsen. Zubar gashi tsakanin wata na uku da na shida kuwa da yawa na gani, kuma yakan tsaya da kansa.

Inda abin ya fi hatsari, kuma ya fi ɓuya, shi ne bitamin. A ɗauki misalin mace, wata biyu da dawowa, amai ya ƙi tsayawa. Tana cin cokali biyu ta mayar. Uwar miji ta leƙo ɗaki ta ce, "Ɗiyata, mi as same ki? Ko maleriya ta?" A kira mai allura na unguwa, ya ɗaura mata ƙarin ruwa mai suga don ta sami ƙarfi. Kwana biyu sai ta fara ganin abu bibbiyu, idanu na rawa, in ta tashi tana tangaɗi, tana tambayar abin da aka gaya mata yanzun nan. A nan gida zai rabu biyu, masu cewa iska ce da masu cewa sammu ne, a tafi neman mai ruƙiyya. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne bitamin B1 ya ƙare. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba, kuma jiki da shi yake ƙona suga, don haka ruwan sugan da aka ɗaura ya cinye ɗan ragowar, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Maganin allurar B1 ce ta jijiya, mai araha, a ba da ita kafin ruwan suga ko tare da shi, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. In an yi da wuri mutum ya dawo daidai. In an makara, mantuwar kan zauna har ƙarshen rai. Duk ma'aikacin lafiya da ke tsakanin Kalgo da Gwandu ya kamata ya san wannan, domin ba sai mai tiyata kaɗai yake kamawa ba, har mai cikin da amai ya galabaitar.

A gefe guda, masu turara shinkafa a gida suna yin abin da ya dace ba tare da sun sani ba: turarawa kan tura B1 daga dusa zuwa cikin ƙwaya, farar shinkafar da aka goge ba a turara ba kuwa ta rasa yawancinsa. Kanwa da ake jefawa a wake don ya yi saurin dahuwa tana kashe shi.

Sinadarin ƙarfe, mai gina jini, a farkon ƙaramin hanji ake tsotse shi, daidai wurin da baifas ke tsallakewa, kuma yana buƙatar tsamin tumbi, wanda silif ke ragewa. Wannan a ƙasar da binciken 2018 ya ce kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini tun ba a taɓa su da wuƙa ba, ga maleriya kowace damina, ga haihuwa kusa-kusa. Kasala, haki a ɗan tafiya, kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa, duk alamu ne. Shayi na hana tsotse ƙarfen, ƙwayar kalsiyam ma haka, don haka ana raba su da awa biyu. Wasu ƙwaya ba ta isarsu sai an ba su ta jijiya.

B12 ya fi kowa haƙuri. Hanta na da ajiyar da kan kai shekaru, saboda haka mutum zai daina allurarsa ta kowane wata uku, ya ga babu abin da ya same shi, ya ɗauka likita ne ke son kuɗi. Sai a shekara ta uku ko ta huɗu tafin ƙafa ya fara dindiris, tafiya ta canja, a ce sanyi ne. Kalsiyam da bitamin D ma shiru suke aikinsu, ƙashi na zaizayewa sai ranar da aka yi 'yar faɗuwa ƙugu ya karye. Rana ta Kebbi ba ta da laifi, amma macen da ke wuni a ɗaka, in za ta fita ta rufe jiki ruf, ba lallai ta amfana da ita ba. Jimlar magana ita ce ƙwayar bitamin ta kullum, da ƙarfe, da kalsiyam giram ɗaya da ɗoriya, da B12, har iyakar rai. A kasuwar da jabun magani ke yawo, wannan kuɗi ne da ya kamata a lissafa shi tare da kuɗin tiyata.

Mai kemis na da nasa rabon. Ibuprofen, diclofenac, Feldene, da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, su ne abin da mai ciwon gwiwa ko baya ke sha ba tare da tunani ba. Ga mai baifas suna iya ɓarke gyambo a daidai mahaɗar jaka da hanji, ya yi jini ko ya huje. Taba da shisha haka suke yi. Ƙwayar cutar nan mai haddasa olsa, wadda ta yi yawa ƙwarai a Najeriya, ya kamata a gwada a kashe ta tun kafin aiki. Magungunan suga da hawan jini kuwa dole a rage su nan da nan, in ba haka ba wanda ya ci gaba da tsohon awonsa na insulin kan tumbin da ba ya ɗaukar komai zai iya faɗuwa a sume. Hatta maganin maleriya irin su Coartem da abinci mai maiƙo yake shiga jiki da kyau, don haka likitan da zai rubuta shi yana buƙatar sanin irin cikin da zai karɓe shi.

A nan ne ɓoye-ɓoye ke kisa. A al'adar da ƙiba ke nufin hutu da kulawar miji, inda har yanzu 'yan mata ke sayen "sha ka fashe" don su ciko kafin biki, macen da ta zube kilo talatin cikin wata takwas za ta sha tambaya. Wasu su ce kishiya ce, wasu su yi raɗa da sunan cutar da ba a son faɗa. A wurin suna, ta ɗauki cokali uku ta ajiye, uwar biki ta ce, "Haba Hajiya, ko abincinmu ne bai yi miki ba?" Da yawa sun gwammace su ce umara suka je, ko olsa ce ke damunsu. Babu laifi mutum ya rufe sirrinsa ga maƙwabta. Amma ranar da aka kawo shi asibiti tsakar dare yana murƙususu, hujin kyamara sun warke har ba a ganinsu, in babu wanda ya gaya wa likita an taɓa sauya masa hanji, za a ɓata awoyi ana neman taifot.

Kuma irin wannan dare na iya zuwa bayan shekaru. Saurin ramewa kan sa kusan mutum ɗaya cikin uku ya tara tsakuwa a matsarmama, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin kariya na wata shida. Bayan baifas hanji na iya zamewa ta wani gibi ya shaƙe kansa, ko tabon aiki ya ɗaure shi. Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙi Elvis Presley kuma tsohuwar matar Michael Jackson, ta rasu ranar 12 ga Janairun 2023 tana da shekara 54, kuma binciken gawa a Los Angeles ya nuna toshewar ƙaramin hanji ce sakamakon tabon tiyatar rage ƙiba da aka yi mata shekaru kafin nan. Wannan a birnin da asibiti ke ko'ina. Masu silif su kuma ƙwannafi ne abokin tafiyarsu, har wasu sai an mayar da aikin baifas. Ciwon ciki mai tsanani ga duk wanda aka yi wa ɗayan biyun zance ne na hoton ciki da likitan fiɗa a ranar, a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato in ta kama, ba na jiƙon sassaƙe a jira gari ya waye ba.

Ga matan aure akwai wani lissafin. Ƙiba na hana wasu haihuwa, kuma da nauyi ya fara sauka ƙwai kan dawo da sauri, wani lokaci kafin al'ada ta daidaita. Matar da ta shekara goma tana nema za ta ga wannan a matsayin buɗi, dangin miji ma haka. Likitoci kuwa na cewa a jira wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya, domin ɗan tayi ba ya ƙoshi a jikin da ke zubewa. Ƙwayar tazarar haihuwa ta baki ba abin dogaro ba ce bayan baifas, sai ashanar hannu ko robar mahaifa. In cikin ya zo, gwajin nan na shan ruwan suga a awon ciki bai dace da ita ba, zai jefa ta cikin jiri da suma. Wannan magana ce da ya kamata a yi da miji a zaune tun kafin a nemi biza.

Sai azumi. A watannin Maris da Afrilu zafin Kebbi kan wuce digiri 40, kuma mai sabon tumbi ba ya iya kwankwaɗar kofi biyu a sahur ya ajiye. Buɗa baki da dabino da kunu mai sukari da soyayyen ƙosai a ciki wayam shi ne ainihin abin da ke tayar da zufa da murɗar nan. Likitoci a ƙasashen Musulmi da ke yawan yin wannan aiki kan ba da shawarar a bar azumi a watanni shida zuwa goma sha biyu na farko, daga baya a gwada da sharaɗi: a buɗa da ruwa kaɗan-kaɗan, a jira, a ci mai gina jiki, a raba abinci da ƙwayoyi tsakanin magariba da asuba. Sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya sananne ne, kuma a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar littafin da ya haɗa maslahar addini da ta jiki, samun malamin da zai yi bayani ba wuya. Wuyar ita ce mutum ya yarda a gan shi yana shan ruwa da rana alhali ga shi garau.

Zuciya ma tana da nata. Wanda abinci ne mafakarsa in ransa ya ɓaci, an rufe masa wannan ƙofa dare ɗaya. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna ƙaruwar shaye-shaye da cutar da kai a tsakanin wasu bayan aikin, kuma a inda kodin da tiramol ke hannun yara, wannan ba gargaɗin Turawa kaɗai ba ne. Fatar da ta saki tana lanƙwasa a ciki da cinya, zafi ya dafa ta ta yi ƙuraje, cire ta kuma wata tiyatar ce da wani kuɗin. Nauyi ma na iya dawowa. Diego Maradona an yi masa baifas a Kolombiya a 2005, duniya ta ga yadda ya zube, bayan shekara goma aka sake kwantar da shi a Benezuwela don wani aikin. Abin da ke dawo da ƙiba yawanci ba tuwo ba ne, abin sha ne mai zaƙi da ciye-ciyen da ke wucewa sulɓ ba tare da sun cika ciki ba.

Yanzu alluran rage ƙiba na mako-mako sun shigo lissafi. Wegovy, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, ya rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi a gwaji, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan biyu bisa uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. Yana son firji, a garin da wuta ke zuwa ta ga dama, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun ɗan'uwansa Ozempic da ke yawo. Ga wanda nauyinsa bai kai can ƙololuwa ba, hanya ce da za a iya ja da baya daga gare ta, abin da ba a iya yi da silif.

Wanda suga ke cin idonsa da ƙodarsa, nauyi ya hana shi barci sai a zaune, kuma yana da halin riƙe abin da ke biyo baya, tiyatar na iya zama mafi alherin abin da zai yi wa kansa. Amma kafin ya biya, ya sami likita a Birnin Kebbi ko Kalgo da ya yarda zai riƙa duba shi. Ya zauna kusa da asibitin da ya yi aikin aƙalla kwana goma zuwa mako biyu. Ya dawo da rahoton fiɗa a rubuce da Turanci, ba da Larabci ko Turkanci kaɗai ba, mai ɗauke da sunan aikin da lambar da za a kira, ya ajiye hotonsa a wayarsa da ta wani na kusa da shi. Gwajin jini kuma a wata na 3, na 6, na 12, sannan kowace shekara: yawan jini, ajiyar ƙarfe, B12, folik, kalsiyam, bitamin D, aikin hanta da ƙoda. Inda ɗakin gwajin da ke kusa ba ya yin wasu daga ciki, ana ɗibar jinin a aika da shi wani gari, kuma kuɗin wannan aike na shekara-shekara yana cikin farashin tiyatar ko da dillalin asibiti bai rubuta shi a takardarsa ba.